Daga Kano zuwa Shika a Kan Keke

Da na sanar da kawun marigayi abokina cewa za mu hau kekuna daga Kano zuwa Zariya domin tunawa da ɗansa, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗan nan, me keke zai amfana wa mamaci? Ku yi masa addu'a, in da hali ku haƙa rijiya." Ban yi masa musu ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma addu'ar ba mu taɓa fasa ta ba. Abin da na kasa bayyana masa a zauren nan shi ne, tun ranar da aka rufe abokina ban ji wani a cikinmu ya ambaci sunan ciwon da ya ɗauke shi ba. A wurin zaman makoki an ce ya yi fama da jinya, wasu sun ce shawara ce, wata gwaggo kuma ta rantse jifa aka yi masa. Ciwon dajin hanta ne, kuma mafarinsa ƙwayar cutar hanta nau'in B ce, wadda ta zauna a jikinsa shekaru masu yawa bai sani ba.

Mun zaɓi ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da cutar daji ta duniya, muka tashi daga Na'ibawa bayan sallar asuba, mu goma sha ɗaya, da motar wani abokinmu a bayanmu ɗauke da ruwa da famfo da kayan faci. Hanyar ta haura kilomita 130, kuma ita ce ya riƙa bi a watanninsa na ƙarshe, yana kishingiɗe a kujerar baya, zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Hunturu ya yi mana rana, domin iskarsa daga arewa maso gabas take tasowa, saboda haka ta riƙa turo mu ta baya, ko da yake kafin mu kai Kura yatsuna sun ƙage a kan birki, leɓɓa kuma sun tsattsage.

Ƙanin marigayi ne ya hau kekensa, wani tsohon Phoenix baƙi mai nauyi, wanda babu giya a jikinsa, kariyarsa kuma har yanzu tana ɗaure da igiyar roba da yake ɗaure littattafansa da ita tun muna sakandare. Mun roƙe shi ya karɓi keke mai sauƙi, ya ƙi. A wajen Kadawa, inda manoman rani suke jera kwandunan tumatir a bakin titi, sarƙar ta zame, ya durƙusa yana mayar da ita da wani ɗan kara kamar yadda yayansa yake yi, sai na kau da kai domin kada ya ga idona.

A Kwanar Dangora muka yi doguwar tsayawa, kuma a can ne na gane dalilin fitowarmu. Mai shayi ya karanta rubutun da ke bayan rigunanmu, ya tambaya ko daji ba ciwon da ake ɗauka a dawa ba ne, nan take direbobi da masu lodi suka kewaye mu. Ɗaya daga cikinmu ma'aikacin jinya ne, ya yi musu bayani cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda kan jawo dajin hanta, takan bi jini, sau da yawa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa ko ta reza da askar da ake yi wa mutane da yawa amfani da ita, kuma mutum zai iya rayuwa da ita shekara ashirin ko fiye da haka yana ganin lafiyarsa ƙalau alhali hantarsa tana lalacewa. Ya gaya musu cewa gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ƙara haɗarin, cewa ɗigon jini ya isa a yi gwaji, kuma tun 2004 Najeriya ta sanya rigakafin cikin alluran yara, ana so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce haka cikin ƙanensa ya kumbura kafin ya rasu, kuma har yau matar marigayin ake zargi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar hanta nau'in B a duniya. Abokina, wanda ya yi karatu har jami'a, ya shafe watanni yana shan maganin gyambon ciki daga wani kemis, kuma ni da kaina na raka shi sayen maganin har sau biyu. Wannan ne yake hana ni barci.

Mun shiga Zariya ana kiran la'asar, muka ratsa Samaru, muka isa Shika da ƙafafu suna rawa. Kuɗin da 'yan uwa da abokai suka yi alkawari a kan kowace kilomita mun raba su biyu: kashi ɗaya ya tafi kuɗin mota da abinci na majinyatan da ke zuwa daga nesa, ɗayan kuma muka biya gwaji kyauta a unguwarmu. Kawu ne ya fara miƙa yatsansa.

Cikin waɗanda aka samu da ƙwayar cutar har da ƙanin marigayi. Hantarsa ba ta taɓu ba tukuna, likita ya sa shi zuwa hoto da gwajin jini duk bayan wata shida. Da muka je gaya wa mahaifiyarsu, ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba, sannan ta ce, "Ranar da zai koma asibitin, kai za ka raka shi." Na ce, "To, Inna, in Allah ya yarda."