Da adakar Baba ta daina kaiwa

Gonarmu tana bayan Kujama, a hanyar Kachia, kuma tun ina yaro birai da zabin daji ke yi mana ɓarna da zarar masara ta fara nuna. Da adaka Baba yake tsaronta, bindigar nan ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki. Da Allah ya yi masa rasuwa ta dawo hannuna, na je aka mayar da takardarta da sunana, don dokar makamai ta 1959 ta ce ko irin wannan bindiga sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha.

A watan Agustan bara ta fara canza mini. Ƙararta da na sani mai kaifi ta koma wani dum mai nauyi, hayaƙi ya yi yawa, dalma kuma tana faɗuwa ƙasa kafin ta kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani zabo da na harba daga taku 30. Ya tashi da karyayyen fiffike ya shige ciyawa, na neme shi har magariba ban gan shi ba. Raunata dabba a bar ta tana wahala ba tarbiyyar gidanmu ba ce, ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Kowa na faɗa wa, amsa ɗaya ce: ƙara mata albarushi. Na kusa yi. Abin da ya riƙe hannuna shi ne wani dattijo a ƙauyenmu da ba shi da yatsu uku a hannun hagu, kowa kuma ya san bindiga ce ta fashe masa.

Masu ƙera harsashin zamani, irin masana'antar makamai ta Kakuri da aka kafa a 1964, da na'ura suke auna gudun harsashi yana fita daga baki. Ni ba ni da ita, sai na jera falankin katako a jikin wani babban suri, na koma taku 30, na riƙa duba zurfin da dalma ke shiga. Na ɗaukar wa kaina alkawari biyu. Awon albarushi ba zai wuce ɗan ƙahon da Baba ya bari ba, kuma abu ɗaya zan riƙa canzawa kowane gwaji, in harba sau uku kafin in yanke hukunci. In ka canza abu uku a tare ta gyaru, ba ka san wanne ne mai laifin ba, gobe sai ya dawo.

Laima na fara zargi. Agusta ne watan da ruwa ya fi zuba a Kaduna, albarushina kuwa yana rataye a bukkar gona cikin gora marar murfin kirki. Albarushi yana shan danshin iska, in ya sha sai ya ci wuta a hankali, dalma ta fice tun bai gama ci ba. Wasu sukan kai shi kusa da murhu wai ya bushe, wannan kuwa neman rai ne kai tsaye. Na kawo wanda ke gida cikin gwangwani a rufe. Ƙara ta ɗan dawo, amma zurfin bai kai rabin na da ba.

Sai tsumman toshi. Baba da guntun saƙi mai kauri yake toshewa, irin wanda sai ka sa ƙarfi da sandar ɗuri kafin ya sauka. Nasa ya ƙare, ni kuma na koma yagar tsohuwar atamfa, tana zarcewa ƙasa salin alin, har ina jin daɗin sauƙin. Ashe sauƙin nan ne ɓarnar. Ƙarfin da ke tura dalma iskar wuta ce da aka tsare a bayanta, in toshi ya yi sako-sako sai ta bi gefe ta wuce. Da na koma saƙi, na kuma tabbatar ɗurin ya zauna daram a kan albarushi ba rata, don rata a tsakani kan kumbura bututu ko ta fasa shi, sai dalma ta huda falanki na farko ta kama na biyu. Amma a hannun Baba na sha ganin ta wuce haka.

Wata alama na daɗe ina gani ban kula ba: duk harbi sai baƙin toka ya fesar mini a babban yatsa. Na ɗauki adakar na kai wa tsohon maƙerin da ke gyara wa Baba, mai takardar izinin wannan aiki. Ya kwance gindin ya ɗaga wajen haske, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗan nan, yaushe rabonka da wanke ta da ruwan zafi?"

Na ce, "Baba, mai nake shafa mata."

Ya ce mai ba ya cire gishirin albarushi. Kusan rabin abin da aka ɗura ba ya zama iska, toka yake zama, tokar kuma tana jawo danshi tana cin ƙarfe. Ya nuna mini 'yar kafar da wuta ke bi ta shiga, tsatsa ta buɗe ta har ƙarfi yana tsiyayewa ta baya, wajen fuskata. Gindin bututun ma ya yi rami-rami. Ya ce da na ninka awo, ko na zuba garin harsashin zamani kamar yadda wasu samari ke yi, ta nan za ta buɗe.

Kafar ya gyara, bututun kuwa ya ce bai yarda da shi ba, ko da ɗan ƙahon Baba. Na roƙe shi, don a jikin bututun nan hannun mahaifina ya yi shekaru, ya girgiza kai. Mako uku ya yi kafin ya sa sabo, a tsakanin nan da gwangwani da yara muka kori birai. Ranar da na karɓo ta na koma gaban surin da awo ɗaya da saƙi ɗaya, dalma ta huda falanki biyu ta tsaya a na uku. Da yamma na dafa ruwa na wanke ta, na busar, sannan na shafa mai. Tsohon bututun yana ɗakin Inna, ita ta ce a bar mata shi.