Yadda maka ta ci min wata biyu

Har yau in na ga maka, wato alƙalamin nan mai tawada, a hannun ɗalibi a ɗakin gwaji, sai na ji raina ya ɓaci.

Aikin da na ɗauko shi ne in fito da siffar cikin kaluluwa a kwamfuta, yadda za a juya ta a ga tsawo da faɗi da zurfi. A Turai da Amurka jiƙa ta ake yi a sinadari har ta koma garau kamar gilashi, a haska da leza, a ɗauki hotonta ɗungurungum ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba. Mu a Katsina tsohuwar hanya muka bi. Na samo kaluluwar hanjin rago a kwata da sassafe, ta sha fomalin, maganin hana ruɓewa, ta shiga kaki, sai injin yanka. Kaurin kowane yanki maikuron 5, wato milimita ɗaya tak yanka 200 ne. Ga bazara, kakin sai laushi yake, dole in ɗora masa ƙanƙara kafin wuƙa ta ci.

Duk wannan ya wuce lafiya. Na ɗora yankan a gilasai, na bi su da lamba da baƙar maka, irin wadda ake cewa ba ta gogewa. Na tsoma su a zailin da sifirit don kakin ya fita kafin rini. Da na ɗago, fes! Ko ɗigon tawada babu. Kuma wajen lodi na riga na cakuɗa su, tunda na dogara da lambar.

Dattijon da ke kula da ɗakin ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ina fensir ɗinka?"

"Baba, ai na ga maka ta fi fitowa."

"To ga ta nan ta fito."

Fiji, manhajar kwamfutar da nake haɗa hotunan yankan da ita, ba ta san gaibu ba, jera hotuna take yi yadda ka ba ta. In jeri ya ɓace, abin da ke hannunka kartar da aka barbaza ce. Wata biyu na yi ina bin wata jijiyar jini guda daga gilashi zuwa gilashi, ina duba inda ta kumbura da inda ta rabu biyu, har na mayar da su layi. Saboda fensir na naira nawa!

Ranar da siffar ta tashi kuwa na manta da yunwa. Curin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira B da ke gefen kaluluwa, waɗanda kullum muke gani kamar kwabo a gilashi, ashe wasu kamar ƙwai suke. Biyu da na rantse daban suke, can ƙasa sai ga su a haɗe.

Gilasai 11 dai har yau ban gano gurbinsu ba. In ka juya siffar za ka ga ɗan tsalle a tsakiya, kamar matakala. Suna cikin akwati a durowata, na rubuta musu alamar tambaya da fensir.