Na sauya lens, hankalina ya kwanta

Daren da na ɗauki bidiyon wani taro a ɗaki mai ƙarancin haske shi ya sa na rabu da lens ɗin, wato gilashin gaban kyamara, da ya zo tare da kyamarata marar madubi. A 18mm ƙofarsa ta shigar haske tana buɗewa zuwa f/3.5 (idan lambar f ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake yi), amma da na jawo zum zuwa 55mm sai ta tsuke ta koma f/5.6. Fuskar mai magana ta dushe ana tsakiyar ɗauka. Na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin maganar da ya yi ba za a maimaita ta ba.

Yanzu zum mai f/2.8 daga farko har ƙarshe nake riƙewa. Hasken da yake shigarwa ninki biyu ne na f/4, ninki huɗu na f/5.6, kuma ko ka jawo ko ka tura, hasken yana nan yadda ka saita shi. Ga mai bidiyo wannan ya fi kaifin hoto muhimmanci, a ganina.

Nauyi kam akwai shi. Lens ɗin Canon RF 28-70mm f/2 ya haura kilo 1.4, na yi sha'awarsa amma na tuna wuyan hannuna da gimbal, abin riƙe kyamara da ke hana girgiza. Kafin na biya kuɗin nawa mai f/2.8 sai da na juya fokas daga kusa zuwa nesa ina kallon gefen hoton, ko zai riƙa kumbura yana motsewa. Na kuma kasa kunne ko ƙarar injinsa za ta shiga makirufo. Shiru kake ji.