Yaron da ke ɗaukar jakar matsafi

Asabar. Tun la'asar aka ɗauke wuta, sai muka shimfiɗa taswira a kan tabarma a tsakar gida, fitila mai caji a gefe. Dogo ya zo da gyaɗa, Auta ta zo a makare kamar kullum. Ni ke jan labarin Dungeons & Dragons ɗinmu (wasan labari ne da kowa ke taka rawar wani mutum, ana jefa ɗan ludo), wato duk mutumin da ba na 'yan wasa ba da bakina yake magana.

An fara lafiya, an sha dariya. Matsafin da Dogo ke taka rawarsa ya kai mataki na 9, yana ta fankama. Ya kira baransa marar ganuwa ya share ɗaki, ya zuba shayi, ya naɗe kaya. Wannan bai dame ni ba, don littafin dokoki na 2014 ya faɗa ƙarara cewa abin ba shi da hankali, awa ɗaya yake yi, in ya yi nisan ƙafa 60 da ubangidansa ya watse.

Sai aka zo bakin kogo. Yaron dakon da suka ɗauka a kan azurfa 2 a rana, mafi ƙanƙantar lada a littafin, ya ajiye jaka. Na sassauta murya na ce, "Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya. Uwata ba ta da kowa sai ni." Ban shirya maganar ba, haka ta fito.

Dogo ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Na ɗora masa Geas."

Na jefa wa yaron ɗan ludo don a ga ko zai kuɓuce wa sihirin, bai tsallake ba. Ga waɗanda ba su sani ba: kwana 30 ke nan yana ɗaure da umarnin matsafi, ranar da ya saɓa a jefa 'yan ludo 5 masu fuska 10, abin da ya fito shi ne raunin da zai ji a ƙwaƙwalwa. Mafi ƙaranci 5. Talaka a wasan nan makin ransa 4 ne. Wato ko sau ɗaya ya ce a'a, gawa ce.

Na ce, "Dogo, ka lissafa kuwa?" Ya ce, "Shi ya sa ba zai ce a'a ba. Kai, wasa ne fa, takarda ce." Auta ta ce da ya ƙara masa kuɗi mana, ga zinariya jibge a jakarsa. Ya ce ai sihirin kyauta ne, gobe da safe zai dawo masa.

Kalmar "kyauta" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Mujiyar da yake aikawa leƙen asiri, in ta mutu sai ya ƙona turare da gawayi na zinariya 10 kafin ta dawo, don haka yana lallaɓa ta. Yaron kuwa ko sunansa bai tambaya ba. Dokar wasa ta ba shi dama, ba zan hana ba. Amma ni ne na ci gaba da magana da bakin yaron har ƙarshen dare, ina cewa "to, ranka ya daɗe" ga duk abin da aka ce, kuma ban ji daɗin bakina ba.

Tuwo ya huce kafin na ci. Hajiya ta yi faɗan ɓawon gyaɗa.

Na buɗe littafina na rubuta wa yaron suna da ƙauye da yayye mata biyu. Na kuma sa wani limami a garin gaba wanda ya iya warware irin wannan ɗauri, kuma zai tambayi wanda ya ɗaura.