Jan biron malamata da Matar Tabki

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na yi kundina a kan Flora Nwapa, marubuciyar nan 'yar Oguta da ke jihar Imo. Na shiga aikin da ra'in Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam, a hammata, na tanadi kwanduna uku na siffofin mata: uwa, mayaudariya, tsohuwa mai hikima. Duk macen da na ci karo da ita a cikin littafinta Efuru, wanda ya fito a 1966, sai in jefa ta kwando guda. Mu da muka tashi da tatsuniyar bora da mowa, irin wannan rabo ba ya yi mana wuya.

Uhamiri, matar da mutanen garin ke bauta wa a tabkinsu, na sa ta a kwandon mayaudara ko tunani ban tsaya yi ba. Kyakkyawa ce, ga dogon gashi, ga dukiya a ƙarƙashin ruwa, to me ya rage? Malamata ta dawo min da babin, ta zagaye kalmar da jan biro, ta rubuta a gefe: "Wa ta yaudara? Kawo shafi."

Na kwana ina juya littafin ina ƙunƙuni. Babu shafin.

Abin da na tarar daban ne. Efuru, tauraruwar littafin, takan yi mafarkin Uhamiri, gari na wayewa kayanta su ƙare a kasuwa. Boka ya ce ta riƙa sa fararen kaya ranar Orie, ɗaya daga cikin ranaku huɗu na makon Ibo, ta kiyaye wannan rana. Uhamiri tana ba mata kyau da arziki, haihuwa ce dai ba ta bayarwa, ita kanta ba ta taɓa haihuwa ba. Efuru kuwa 'yarta tilo, Ogonim, ta rasu, aurenta da Adizua ya mutu, na Gilbert ma ya bi sahu. A garin da ake auna mace da goyon bayanta, Nwapa ta ajiye wa juya abar bautar da ke kama da ita. Jung bai ba ni kwandon wannan ba.

Kunya ta sa na sake duba sauran. Ajanupu, 'yar'uwar mahaifiyar Adizua, na sa a tsohuwa mai hikima, don ita ke koya wa Efuru raino da karɓar bashi. Ashe na tsallake inda Gilbert ya zargi Efuru da zina tana kwance ba lafiya, tsohuwar nan ta rarumi taɓarya ta maka masa a ka.