Wutar Olamfik ma tana mutuwa

Laraba da dare, ƙauyenmu a gabashin Gumel

Hazo ya rufe rana tun safe. Bayan La'asar, a gindin darbejiya, wani dattijo ya ce, "Malam, wai da gaske wutar nan ta Olamfik ba ta taɓa mutuwa?" Na ce, "Baba, tana mutuwa mana. Tanadin da ake yi mata ne abin a duba."

A Olimfiya ta ƙasar Girka ake kunna ta, a gaban kangon ɗakin bautar Hera, abar bautar tsoffin Girkawa, watanni kafin gasar. Ba a ƙyasta ashana. Madubi ne mai zurfi kamar kasko, yana tattara hasken rana wuri guda, sai a kara bakin sandar ɗaukar wutar a daidai nan har ta kama. In bakin ya kauce, ba za ta kama ba. A rana irin ta yau kuwa madubin bai da amfani, shi ya sa ake gwaji ana gobe biki, a adana wutar. Ran 16 ga Afrilu, 2024, da za a kunna ta gasar Paris, gajimare ya hana, wutar gwajin aka ɗauko.

Daga nan masu gudu ke miƙa wutar hannu da hannu zuwa garin gasar. Sandar kuwa, gas take ci, na 'yan mintuna. Mai gudu ya yi kamar mita 200, ya haɗa bakin tasa da ta na gabansa. Iska mai ƙarfi ko ruwa na iya kashe ta. Don haka uwar wutar tana cikin fitilu masu gilashi irin na masu haƙar kwal, suna biye da ayarin dare da rana. A jirgin sama ma a cikinsu take tafiya. A Montreal, 1976, ruwan sama ya kashe wutar filin wasa, wani ma'aikaci ya kunna da laita. Nan take aka kashe, aka ɗebo daga fitila. A ganina sun yi daidai. In kowace wuta za ta yi, me zai kai mutane Girka?

Yawon da ake yi da ita kuma ba tsohuwar al'ada ba ce. Gasar Atina ta 1896 ba ta da wuta, sai a Amsterdam, 1928. Miƙa ta hannu da hannu daga Girka, a gasar Berlin ta 1936 aka fara, zamanin Hitler, bisa shawarar Carl Diem, sakataren kwamitin shirya gasar: masu gudu sama da 3,000, ta ƙasashe bakwai.