Asabar: ranar da sarbon jela ya ƙone

Ina idar da sallar asuba na shimfiɗa tabarma a zaure na fito da ɗan jirgina na soso da ake tuƙawa da rimot. Jiya da daddare na gama ɗaura wa fikafikansa sababbin sarbo biyu na dijital (sarbo 'yar mota ce mai motsa fiffike ko jela bisa umarnin rimot), waɗanda na yi wata guda ina tara kuɗinsu. Na jela kuwa, mai ɗaga hancin jirgi da mai juya shi hagu da dama, na bar tsofaffin nan na analog masu nauyin giram 9.

Kafin in kwanta na shiga saitin rimot ɗina, FlySky FS-i6, wurin da ake zaɓar sau nawa risiba, wato na'urar da ke cikin jirgi mai karɓar umarnin rimot, za ta aika wa sarbo saƙo a sakan ɗaya. Daga 50 yake farawa har 400. Na kai shi 300, a tunanina jirgin zai fi jin hannu. Abin da ban lura da shi ba, saitin ba ya ware fiffike da jela, duka yake haɗawa.

Da na jona batir, fikafikai suka amsa tsaf, da ɗan siririn kukan nan na dijital. Jela kuwa sai makyarkyata take kamar mai zazzaɓi. Ƙanena ya ɗora yatsa a kan sarbon ya janye da sauri.

"Yaya, wannan fa ya yi zafi!"

Kafin in cire batir ƙaurin roba ya cika zauren. Ɗaya ya mutu, ɗayan ya sha da kyar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sarbon nan ya fi shekara yana yi mini aiki bai taɓa ba ni kunya ba.

Da hantsi na kwashi rimot da risiba da mataccen sarbon na tafi shagon dattijon nan mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Yana da tsohuwar na'ura mai nuna hoton siginal. Ya jona waya, sai ga koren layi yana tashi yana sauka. Ya ce in motsa sandar rimot. Ina turawa bugun yana faɗaɗa, ina dawo da ita yana tsukewa, tsakanin milisakan 1 da 2, tsakiyarsa 1.5. Faɗin bugun shi ke gaya wa sarbo inda zai tsaya. Yawan zuwansa ba ya canza wurin, jira kawai yake ragewa: a 50 ana samun bugu duk milisakan 20, a 300 kuwa duk uku da ɗoriya.

"Baba, to me ya ƙona shi?"

"Yaro, na analog duk bugun da ya shigo sai ya ba motarsa wuta. An gina shi ne a kan ya huta tsakanin bugu da bugu. Kai kuma ka ninka masa sau shida."

Na dijital yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, ita ke ba mota wuta wajen sau 300 a sakan, ko da saƙon sau 50 yake zuwa. Shi ya sa yake riƙe wuri gam, shi ya sa kuma yake shan batir.

A hanyar gida na yi ta lissafi. Sarbona na ɗaukar kusan milisakan 100 kafin ya juya digiri 60, kuma ko na kai saitin ƙarshe wannan ba zai ragu ba. Duk ribar da nake nema ba ta kai milisakan 17 ba. Jirgi mai gudun mita 15 a sakan, tafiyar santimita 25 ke nan. Yatsana ba zai taɓa jin wannan ba a jirgin soso mai shawagi a hankali. Inda abin ke da amfani shi ne wurin da jairo, na'urar da ke gane karkata ko juyawar jirgi, ke gyara motsi da kansa, kamar jelar helikwafta: can ake ba sarbo bugu 333 a sakan, wasu ma 560 da siririn bugu mai tsakiyar maikirosakan 760, wato milisakan 0.76.

Bayan la'asar muka fita fili, na mayar da saitin 50, na sa wani tsohon sarbo a jela. Iskar hunturu na kaɗawa daga gabas, amma fikafikan ba su ba ta dama ba, duk karkatar da na nema nan take nake samu. Batir biyu muka ƙarar, ƙanena ya riƙe rimot a tashi na biyu ni na saukar.

Mataccen sarbon na nan kan tebur. Gobe zan kwance shi in ga ko mota ce ta tafi ko allon lantarkin da ke ciki, haƙoransa dai za su yi mini amfani.